Akwati Mai Lamba Ɗaya

Ku da kuke ganin aikin bodin mota bai wuce a manna ƙarfe da ƙarfe a shafa fenti ba, ku ajiye abin da ke hannunku ku saurara. Jiya na ji ɗayanku yana cewa motar farauta ai kowa ma zai haɗa ta, tunda karnuka ne fasinjojin, ba sa ƙorafi. To rashin ƙorafin nan nasu shi ne wahalar aikin. Mutum in ka ƙera masa benci ya matse shi, zai dawo ya zage ka, ka gyara. Kare kuwa sai dai ya zaro harshe ya yi ta kallonka.

Motar farauta ta farko da na sa wa hannu, ina koyon aiki ne wurin maigidana Malam Bawa, Allah ya ji ƙansa, a nan Gusau. Mafarautan Kekun Waje suka haɗa kai za su sayi tsohuwar a-kori-kura, suka roƙe shi ya raka su dubawa. Motoci biyu aka nuna mana, ɗaya sai ƙyalli take yi, ɗayar kuwa fentinta ya daɗe da yin sallama da ita. Mafarauta duk suka kewaye mai ƙyallin suna shafawa. Malam Bawa ko kallonta bai yi ba. Ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashin tsohuwar, ya ce in biyo shi, a kwance a nan ya koya mini zaɓen motar daji. Ka fara auna tsakanin cikinta da ƙasa, don kututture da kunyar gona ba ruwansu da wanda ya saya. Ka ƙirga ganyen sifirin. Ka buga shasi da guduma ka ji ko tsatsa ta gama da shi. Ka bi bututun salansa, mai fitar da hayaƙin inji, da ido, ka ga ta ina ya bi, ina yake zubar da zafinsa. Inji kuwa a nemi wanda kowane bakaniken bakin hanya daga Bungudu har Tsafe ya san cikinsa, wanda in ya tsaya a daji waya da filaya za su tashe shi. Fenti ba a ma maganarsa, ƙaya za ta zo ta yi nata zanen.

Da aka kawo ta shago muka rufe daɓen ƙarfen da katako mai kauri, muka bar 'yar tazara tsakanin falanki da falanki don fitsari ya sami hanya. Gefe da gefe fayif ne kawai, iska ta shiga ta fita yadda ta ga dama. Sama muka ɗora zana, ba kwano ba, ba tamfol ba. Muka karkatar da salansa ta fita ta gefe, muka manna zobban ɗaure igiya daidai gwiwar mutum in yana zaune, muka ɗaure gangar ruwa a kusurwa da rabin jarka na sha. Ƙofar baya muka yi ta ƙasa-ƙasa, yadda kare zai dira ba sai an ɗauke shi ba. Benci biyu, shi ke nan. Ni da nake son a ga gwanintata na ce masa aikin ya fi kama da rumfar mai tsire.

"Awo, rumhwa munka yi," in ji shi. "Kare ba kaya ba ne. Da ubangidanai shika tahiya."

Sai da na bi su daji sau ɗaya na gane nufinsa. Mafarauci ba ya rabuwa da karensa a hanya. Yana zaune, kare na tsakanin gwiwoyinsa, hannunsa a wuyansa, yana yi masa kirari ƙasa-ƙasa, yana jin numfashinsa a ƙafa. In kare ya fara haki fiye da kima shi zai fara sani, ya jiƙa tsumma ya shafa masa a ciki. In karen Magami ya harari na Kucheri, gwiwa ce ke raba faɗan. Kuma da an idar da sallar asuba ake tashi, kafin rana ta yi ƙarfi an isa.

Malam Bawa yana da wata ɗabi'a da muke yi wa dariya a bayan idonsa. In an gama aiki, sai ya jira rana ta take, ya cire takalmi, ya hau baya ya zauna a kan daɓen, ya sa direba ya zaga gari da shi. Dattijo da furfurarsa, ga shi zaune a mazaunin kare, masu shaguna na ɗaga masa hannu suna tambayarsa dajin da za shi. Bai taɓa ba da mota ba sai ya yi haka. Da na buɗe nawa shagon na ci gaba da ƙera rumfarsa, ina kuma hawa, ko da yake ni nakan zaɓi lungun da ba jama'a. Mafarauta ba sa cewa motar Garba ta yi kyau, sai dai su ce karnuka sun sauka da ƙarfinsu. Iyakar yabon da ake yi a sana'ar ke nan, kuma da shi nake ci da iyalina.

Sai aka ba mu jiha. Gusau ta cika da manyan ma'aikata da suka dawo daga Sakkwato, kowa da babbar rigarsa da direbansa da shawarwarinsa. Muka ce kakarmu ta yanke saƙa. Ba a yi shekara biyu ba man fetur ya ɓace, mota ta yi kwana uku a layi ta dawo gida da turi. Wutar lantarki kuma sai ta leƙo ta ga muna nan lafiya ta koma. Janareton shago na zaune ba abin ba shi, man 'yan bumburutu ya fi ƙarfina. Na koma waldar kabaid da ba ta buƙatar lantarki, ina liƙe kekuna da ƙafar gado. Mai ƙera bodin mota, ga shi yana toshe hudar bokiti. A gida aka koma tuwo sau ɗaya a yini, mai ɗakina ta daina tambayata ya kasuwa.

A cikin wannan hali Alhaji Sambo ya yi sallama a shagona. Darakta ne a wata ma'aikata, ɗan babban gida, mutumin kirki matuƙar ba a zo wajen karɓar shawara ba. Mafarautan yankinmu sun naɗa shi uban ƙungiya saboda yana da faɗa a ji, shi kuma ya ɗauki abin da gaske. Farauta dai bai taɓa zuwa ba, amma ya taɓa yin kwas na wata uku a ƙasar Turawa, ya dawo da wata mujalla mai hoton mota da akwatunan karnuka jere a bayanta. Ya ture guduma da zarto gefe ya shimfiɗa mini ita a kan bencin aiki.

"Malam Garba, irin wagga nika so. Kowane kare da ohis nai."

"Ranka shi daɗe, garin da anka ɗauki hoton ga, ga ƙanƙara nan zube ƙasa."

"Shi ya sa nac ce a yi taga," in ji shi. "Ci gaba muka so. Ba a yi muna jiha don mu riƙa cusa mutane da karnuka wuri guda kamar kayan gwanjo ba."

Motar ma ya riga ya saya. Doguwa ce, fara tas, kuma farin ne ya sa ya zaɓe ta, don ta yi kama da motocin gwamnati. Na shimfiɗa buhu na shige ƙarƙashinta, da ƙyar cikina ya wuce. Salansa kuma ta bi daidai ƙasan daɓen, bayan kan direba. Na fito na gaya masa motar kwalta ce. Ya ce direba zai bi a hankali.

Tsarin da ya zana mini a takardar ofis shi ne akwati goma sha biyu na farantin ƙarfe, hawa biyu, kowanne da ƙofa da sakata da lamba. Lambar kuwa bisa muƙami za a ba da ita, yadda ake raba ofisoshi a ma'aikata: karnukan da suka yi suna a gaba, ƙananan ma'aikata a baya. Mutane za su biyo a bas, kamar masu zuwa ɗaurin aure. Gangar ruwa babu ita a hoton, saboda haka babu ita a tsarin. Sai akwati mai lamba ɗaya, wanda ya kira na babban baƙo. Ya fi sauran girma, yana hawan ƙasa a bayan kan direba, za a shimfiɗa masa jan kafet, kuma a maimakon ragar waya gilashi za a sa a tagarsa, don kada ƙurar hanya ta dami babban baƙo. Ta ƙarƙashin wannan akwatin salansa ta bi.

Na san abin da na gani. Na kuma faɗa, sau ɗaya, a hankali, irin faɗar da ake yi wa manya don dai a ce an faɗa. Ya dafa kafaɗata yana murmushi ya ce, "Kai dai riƙe walda, ka bar muna tunani." Da la'asar direbansa ya sauke jarka biyu ta mai a shago, ya wuce ya sauke buhun gero a ƙofar gidana. Janareto ya tashi, ni kuma bakina ya mutu.

Mako uku na yi a kan motar nan, kuma ba yabon kai ba, ban taɓa yin walda mai kyau irin wannan ba. Layi a miƙe, ƙofofi na rufuwa ba ƙara, sakata na shiga kamar an shafa mata man shanu. Mai fenti ya zo ya zana zaki a ƙofar baya, dabbar da ko kakanninmu sai dai su ba da labarinta. Jama'a suka riƙa tsayawa kallo, wasu su ce motar burodi ce, wasu su ce ta gidan yari. Ranar da na gama, rana ta take ina tsaye da takalmina a ƙafa. Na ce wa kaina ai akwati ne, mutum ba zai shiga ba. Ƙarya nake yi. Lamba ɗaya zai ɗauke ni in na naɗe ƙafa.

Wata Asabar a tsakiyar bazara aka sa ranar fita. Gari na wayewa mafarautan Kucheri da Magami da Kekun Waje suka cika ƙofar gidan Alhaji, da gorori da adduna da ƙaho, karnuka na ta jan igiya. A cikinsu akwai Baba Nomau na Kucheri, tsohon manomi, wanda tun zamanin Malam Bawa yake hawa motocinmu. Karyarsa Tsinke ce, ja, siririya, kunne ɗaya a yage. Shi ya yi kiwon uwarta da kakarta. Duk yankin an san in Tsinke ta tashi zomo ko gada, sai dai a fara neman wuƙa, kuma duk naman da gidan Baba Nomau ke gani da rani ita ke kawo shi. Ba shi da wata bayan ita.

Su a zatonsu gaisawa za a yi a kama hanya. Sai suka tarar an kafa rumfa, an jera kujeru, an ɗaura lasifika, an ja zare a gaban mota ana jiran babban mutumin da zai yanke shi. Mai hoto ya ce a sa karnuka a akwatunansu tun yanzu don komai ya zama a shirye. Nan fa na ga abin mamaki. Mutanen da suka iso suna taɓe wa motar baki, da aka fara kiran lamba sai ga su suna cacar baki, kowa na rantsuwa karensa ya wuce lamba tara. Wani daga Magami har fushi ya yi zai koma gida, sai da aka ɗaga karensa zuwa lamba huɗu. Da ƙura ta lafa, Alhaji ya karɓi lasifika da kansa ya sanar cewa lamba ɗaya ta Tsinke ce. Aka yi tafi, aka busa ƙaho.

Baba Nomau bai yi tafi ba. Ya matsa ya zura hannu cikin akwatin, ya shafa kafet, ya ƙwanƙwasa gilashin.

"Ranka shi daɗe, da an bar ta nan ga ƙahwata. Ba ta saba ba."

"Haba Baba, girma na munka ba ta," in ji Alhaji, lasifika na bakinsa, kowa na ji. "Gaban jama'a za ka maido muna da shi?"

Kun san halinmu. Ba a mayar wa babba da girman da ya ba ka a gaban mutane, ko da girman zai ƙone ka. Tsohon ya waiga ya neme ni a cikin taro.

"Garba, kai kay yi shi?"

"Ni na yi, Baba."

"To, tunda kai na."

Ya kwance mata igiya, ya ɗauke ta da hannunsa ya sa ta a ciki, ya tura sakatar.

Babban mutum bai iso ba sai da hantsi ya wuce. Aka yi jawabin maraba, aka yi tarihin farauta tun daga kaka da kakanni, aka yi jawabin godiya, wani kuma ya tashi ya gode wa wanda ya yi godiyar. Da farko karnuka suka yi ta kuka suna kartar ƙarfe, mai gabatarwa ya ce marhabin suke yi wa baƙi. Can suka yi shiru, ya ce a duba, har karnuka sun san tsari. Ni kuwa ina zaune a inuwa da kwalbar lemo a hannu. An kira ni an gabatar da ni a matsayin injiniya, an yi mini tafi, kuma na ji daɗi. Ina jin shirun nan na akwatuna, na san ma'anarsa, amma ban tashi ba.

Rana na gab da takewa muka kama hanyar dajin bayan Magami. Alhaji na gaban farar mota, mu kuma muna bas a baya, mafarauta zaune a kan kushin sun rasa inda za su sa hannuwansu. Ina kusa da Baba Nomau. Igiyar Tsinke na hannunsa, ya naɗe ta a yatsu ya warware, ya naɗe ya warware. Da muka bar kwalta motar ta koma tafiya da ƙaramar giya saboda gudun ramuka, inji na ta gurnani. A mashigin wani busasshen rafi cikinta ya zauna daram a kan yashi. Direba ya yi ta ba ta wuta, tayoyi na juyawa a wuri ɗaya, hayaƙi na tashi ta ƙarƙashin daɓen.

Bas ba ta gama tsayawa ba tsohon ya dira. Sakatar ta ƙone masa hannu, sai da ya kama ta da bakin rigarsa. Sauran mafarauta suka buɗe nasu, karnuka suka zubo suna tangaɗi, suna ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya, suka shige ƙarƙashin bas suka kwanta. Ko da zomo zai zo ya zauna a gabansu ranar, sai dai su gaisa. Tsinke ba ta fito ba. Tana kwance a kan jan kafet, harshe a waje, gilashin tagar duk yawu da alamar farce.

Aka nemi ruwa, babu ganga. Alhaji Sambo, a faɗi gaskiya, shi da kansa ya kinkimo kular lemonsa ya juye kwalaben a yashi ya miƙa ruwan ƙanƙarar. Baba Nomau ya kwantar da ita a gindin wata tsamiya, ya warware rawaninsa ya tsoma, yana shafa mata a ciki da wuya, yana yi mata kirarin da bai samu ya yi mata a hanya ba. Ta buɗe ido sau ɗaya. Kafin a yi azahar ta mutu.

"Baba, a yi haƙuri," in ji Alhaji. "Za a kahwa kwamiti a binciki abin ga. Kuma ni da kaina zan sa a kawo maka karen Turawa daga Ikko."

"Allah shi ƙara girma," in ji Baba Nomau.

Ya haƙa rami da addarsa a gindin tsamiyar, ya hana kowa ya taya shi. Da aka ciro mota daga yashi, mafarauta suka shiga bas kowa da karensa tsakanin gwiwoyinsa, motar zamani ta biyo mu a baya ba kowa a cikinta. Ba a kama ko ɓera ba. Daga baya Alhaji ya sayar da ita ga wani mai gidan burodi, wanda ya riƙa yabona a duk inda ya zauna. Ya ce burodin da aka sa a lamba ɗaya da ɗuminsa yake isa Tsafe.

Mafarauta ba su zage ni ba, ba su kai ƙarata ko'ina ba. Daina zuwa kawai suka yi. Man fetur ya dawo, wuta ta ɗan gyaru, amma sai da na yi rani uku ban ga motar farauta a ƙofar shagon nan ba. In mun haɗu a kasuwa su gaishe ni da fara'a, su ce injiniya ina gajiya.

Baba Nomau kaɗai ya zo, kwana takwas bayan abin. Ya yi sallama, na ba shi benci, ya tambayi gida da iyali da zafi, ya sha ruwa. Sannan ya ce, "Garba, tambaya guda niz zo yi, ba hwaɗa ba. Malam Bawa shikan hau mota tsakar rana kahin shi ba da ita, na gan shi da idona. Kai ka shiga akwatin ga?"

Na so in ce Alhaji ne ya zana, na so in ce shekarar ce ta zo da wuya. Duk gaskiya ne, amma ba shi ya tambaya ba.

"Ban shiga ba, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya zaro igiyar daga aljihu ya rataye ta a ƙusar da ke jikin ginshiƙi.

"To riƙe wagga. Ni ba ni da abin ɗaurewa."

Bai sake kiwon kare ba har ya bar duniya. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar nan ba, kuma har yau ba ta sake ni ba.

Igiyar ce kuke gani a ƙusar can, wadda kuke rataye rigunanku a kanta kuna cewa me tsoho yake yi da wannan ruɓaɓɓen abu. Yanzu kun sani. Motar can kuma da kuka ce kun gama tun jiya, ga rana ta take. Kowa ya cire takalminsa. Ni zan fara hawa.